Ɗan gaba mai tsaro daga ƙetaren teku: tambayoyi da amsoshi kan yadda Philadelphia Flyers ta ɗauko Bellemare

A watan Yunin 2014 ƙungiyar Philadelphia Flyers, mai buga gasar hokin ƙanƙara ta NHL a Amurka da Kanada, ta sanar da ɗaukar wani Bafaranshe mai shekara 29 daga ƙungiyar Skellefteå AIK ta arewacin Suwidin. Sunansa Pierre-Édouard Bellemare. Labarin bai tada ƙura ba. Kwantiragin na shekara ɗaya ne, kuɗin kaɗan ne, kuma aikin da aka kira shi ya yi shi ne hana wasu ci. Sai ga shi mutumin ya shafe kaka 10 cur a gasar da ta fi kowace ƙarfi a duniyar wannan wasa. Ga tambayoyin da mai son fahimtar irin wannan ciniki zai yi.

Ni ban taɓa kallon hokin ƙanƙara ba. Yaya ake buga shi?

Fili ne na daskararren ruwa, an kewaye shi da katanga mai gilashi daga sama. A NHL tsawonsa mita 61 ne, faɗinsa wajen mita 26. Kowace ƙungiya tana saka mutum shida: mai tsaron raga, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe. Takalminsu yana da siririn ƙarfe a ƙasa da suke zamiya a kai, a hannunsu kuma sanda mai lanƙwasa. Abin da ake bugawa faifai ne na baƙar roba mai tauri, bai cika tafin hannu ba, nauyinsa wajen giram 160, kuma sai an daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle.

Ana yin zubi uku, kowanne minti 20, agogo yana tsayawa duk lokacin da aka busa. Saboda tsananin gudu, ɗan wasa ba ya jimawa a fili. Da ya yi daƙiƙa 40 zuwa 50 sai ya nufi benci, wani ya tsallako katanga ya maye gurbinsa, wasa na ci gaba. Shi ya sa ƙungiya take zuwa da 'yan gaba 12, ta kasa su sahu huɗu. Sahun farko na taurari ne masu ci. Sahu na huɗu shi ne wanda ya fi ƙarancin lokaci a fili, kuma a nan Bellemare ya yi yawancin rayuwarsa ta NHL.

Tunda akwai 'yan baya, mene ne amfanin ɗan gaba mai tsaro?

'Yan baya biyu ba za su iya riƙe 'yan gaba uku ba, balle a ce 'yan bayan abokan hamayya sun hauro an zama biyar a bakin raga. Dole wani daga gaba ya dawo ya taya, kuma yawanci ɗan tsakiya ne nauyin yake kansa. Wanda ya ga abin da N'Golo Kanté ya yi wa Leicester a kakar da ta ɗauki kofin Ingila a 2016 ya riga ya fahimci rabin zancen.

Sauran rabin sai an duba da kyau. Aikin yana farawa ne daga sakin faifai. Duk lokacin da wasa ya tsaya, alƙali yana sakin faifan tsakanin 'yan tsakiya biyu su yi rububinsa, kuma ana yin haka sau da dama a kowane wasa. A ce saura minti ɗaya a tashi, ƙungiyarka tana gaba da ci ɗaya, an busa a da'irar da ke dab da ragarku. Kocin ya dubi bencinsa, ya taɓa kafaɗar mutum ɗaya. Shi kuma ya shiga, ya ware ƙafafu, ya sunkuya har haɓarsa ta kusa kai gwiwa, ya riƙe sanda can ƙasa kusa da lanƙwasarta. Idonsa na kan hannun alƙali. Yatsun suna buɗewa ya kai sara, ya ja faifan baya zuwa ga ɗan bayansa, ya sa kafaɗa ya tokare abokin karawarsa don kada ya bi. In ya yi nasara an fitar da faifan an ci lokaci. In ya faɗi, bugu ya taho kan mai tsaron ragarsa kafin a ƙifta ido.

Bayan wannan akwai dawowa da gudu idan an ƙwace faifai, da ɗaga sandar abokin hamayya daga baya a daidai lokacin da zai karɓa, da shimfiɗa sanda a hanyar da za a miƙa. Akwai kokawa a jikin katanga, inda mutum biyu ko uku suke cakuɗewa suna tura faifai da ƙafa. Akwai kuma sanin lokacin fita: wanda ya nufi benci a lokacin da bai dace ba ya bar 'yan uwansa a tsakiyar wuta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake fitowa a allon sakamako.

Ana yawan cewa an ɗauko irin waɗannan 'yan wasa ne don lokacin da aka rage mutum. Me ake nufi?

Wanda ya yi ƙaramin laifi, kamar sa wa wani sanda a ƙafa ko riƙe shi, ana tura shi bencin horo na minti biyu, kuma ba a maye gurbinsa. Ƙungiyarsa ta koma huɗu a gaban biyar, ban da masu tsaron raga. In an ci su kafin lokacin ya cika, sai ya fito. A NHL kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan dama ana cin ta, don haka ƙungiyar da ba ta iya tsare waɗannan mintuna biyu ba tana zubar da wasanni da yawa a kaka.

Mutum huɗun da ake turawa su ne 'yan baya biyu da 'yan gaba biyu masu tsaro. Suna tsayawa a gaban raga suna juyawa tare, biyar ɗin kuma suna zagaya faifai daga waje suna neman kafa. Ɗan gaban da ke sama shi ne mai fuskantar wanda zai ɗaga sanda ya dirka bugu daga nesa. Abin da ake so ya yi shi ne ya shiga tsakanin bugun da raga, wani lokaci ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya karɓi daskararren faifai mai gudun da kan haura kilomita 140 a awa a ƙwauri ko a idon sawu. Ana karya ƙashi a haka. Wanda ya tare kuma ba ya kwantawa, sai ya ja ƙafa ya ci gaba har a samu fitar da faifan. Sauƙi ɗaya doka ta yi musu: ƙungiyar da aka rage wa mutum tana da damar wurga faifai har ƙarshen fili ba tare da an busa mata ba.

Wane ne shi wannan Bellemare, ta ina ya biyo?

An haife shi ran 6 ga Maris, 1985, a Le Blanc-Mesnil da ke wajen birnin Faris. Mahaifinsa ɗan tsibirin Martinique ne. Ƙanwarsa Rose-Eliandre ta wakilci Faransa a wasan tsalle da lanƙwasa jiki a gasar Olamfik ta Beijing a 2008. Faransa ba ƙasar hoki ba ce idan aka kwatanta da Kanada ko Rasha ko Suwidin, kuma gasarta ba ta cikin manya. Ya fara da ƙungiyar Rouen, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a ƙasar.

A 2006 ya ƙaura Suwidin, ya shiga Leksand, wadda a lokacin take rukuni na biyu. Ya yi kaka uku a can, ya koyi harshen ƙasar har ya iya. A 2009 Skellefteå ta babban rukuni ta ɗauke shi. Garin ƙarami ne, can arewa inda rana take faɗuwa da wuri a lokacin sanyi, amma ƙungiyarsa ta zama abar tsoro: ta kai wasan ƙarshe sau shida a jere daga 2011 zuwa 2016, ta ɗauki kofin ƙasa a 2013 da 2014. Bellemare yana cikin waɗanda suka ɗauki duka biyun.

Me Flyers ta hango a jikinsa?

Mutum ne da ya riga ya nuna, ya buga wasannin ƙarshe, ya san yadda ake riƙe nasara idan ta zo hannu. Ga gudu, ga iya tsakiya da gefe, ga aikin tsaro idan an rage mutum.

Sai kuma gasar cin kofin duniya da aka yi a Minsk ta ƙasar Belarus a watan Mayun 2014, inda masu farautar 'yan wasa na NHL suke cika wuri. A wasan farko Faransa ta doke Kanada da ci 3 da 2 a bugun raba gardama, kuma Bellemare ne ya zura na ƙarshen. Faransa ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe kafin Rasha ta fitar da ita. A wannan watan ne kuma Ron Hextall, tsohon mai tsaron ragar Flyers, ya zama babban manajan ƙungiyar. Ya tarar da ita da kwantiragi masu tsada sun ɗaure ta, tana neman 'yan wasa masu araha da za a dogara da su. Dama ƙungiyar ta ɗanɗana irin wannan ciniki shekara ɗaya kafin nan, da ta ɗauko Michael Raffl ɗan Ostiriya daga Leksand, ya kuma zauna daram.

Ta yaya ɗan wasa mai irin wannan ƙwazo zai kai shekara 29 ba wanda ya ɗauke shi?

Babbar ƙofar shiga NHL ita ce zaɓen matasa na shekara-shekara, inda ƙungiyoyi suke zaɓa bi da bi har zagaye bakwai, yawanci daga cikin 'yan shekara 18. Lokacin da Bellemare yake wannan shekarun yana gasar Faransa ne, inda masu farauta ba su cika leƙawa ba. Babu wanda ya kira sunansa.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan zurfi. A shekara 18 ana iya gane yaro mai hannu, mai bugu, mai ci. Sanin inda za a tsaya, da haƙuri, da karanta abin da abokin hamayya zai yi kafin ya yi, waɗannan sai an kwana biyu a fili ake samunsu. Ɗan gaba mai tsaro sau da yawa sai ya haura 25 yake nuna, lokacin da an daɗe da rufe littafin zaɓensa.

Doka ma ta sauya ta taimake shi. Kafin 2005, ɗan wasan Turai ko shekarunsa nawa sai an bi ta zaɓe kafin ya shiga. Haka Montreal ta zaɓi Mark Streit ɗan Siwizalan a 2004 yana da shekara 26. Bayan sabuwar yarjejeniyar 2005, Baturen da ya wuce shekarun zaɓe ba a ɗauke shi ba yana da 'yancin sa hannu da duk ƙungiyar da ya ga dama. Da Bellemare ya isa Filadelfiya, Streit ɗin nan ya tarar a ɗakin sauya kaya.

An sayo shi ne daga Skellefteå kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa?

A'a. Ƙungiyoyin NHL ba sa sayar wa juna 'yan wasa da tsabar kuɗi, musanya suke yi, ɗan wasa da ɗan wasa ko da gurbin zaɓe. Tsakaninsu da Turai kuma akwai yarjejeniya da hukumomin ƙasashe irin su Suwidin da Finlan, wadda ta tsayar da diyya ƙayyadadda a kan ɗan wasan da ya tafi. Ba a zaman taya da albarka. Rasha ba ta cikin wannan tsari, shi ya sa ɗan wasan KHL, babbar gasar Rasha, yakan jira kwantiraginsa ya ƙare tukuna.

Nawa aka ba shi?

Dala 600,000 a shekarar farko. A wannan kaka mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a biya a NHL dala 550,000 ne, ka ga ke nan daga ƙasan tsani ya fara. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Claude Giroux, ana lissafa masa fiye da dala miliyan 8 a shekara.

Arahar tana da muhimmanci saboda iyakar albashi. Tun bayan rikicin da ya sa aka soke kakar 2004 zuwa 2005 gaba ɗaya, an ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a kan 'yan wasanta. An fara da dala miliyan 39, a kakar 2014 zuwa 2015 ya kai miliyan 69. Komai kuɗin mai ƙungiya ba zai haura ba. Duk dalar da aka zuba a sahu na huɗu an rage ta ne daga abin da za a riƙe tauraro da shi. Ana cewa araha ba ta ado, amma a wannan gasa manajan da ya samu mutumin da koci zai amince masa a minti na ƙarshe a kan kuɗi kaɗan ya yi babban kamu.

Haɗarin ma ɗan kaɗan ne. In abin bai yi ba, shekara ɗaya ce ta wuce, ko a tura shi ƙaramar gasar AHL, inda Flyers take da reshe mai suna Lehigh Valley Phantoms. Bellemare bai je can ba. Ya buga wasa 81 cikin 82 a kakarsa ta farko, kuma kafin ta ƙare aka ƙara masa shekara biyu.

Babu 'yan gida da za su yi wannan aiki ne sai an haye teku?

Akwai su da yawa. Sai dai matashin da ke AHL yana kan koyo, zai yi kuskure a inda kuskure yake da tsada. Tsohon hannu na NHL da ya yi suna a tsaro kuma zai nemi kuɗi mai kauri da shekaru uku ko huɗu. Baturen da ya kwana biyu a manyan gasannin Turai yana tsakanin biyun: ya gama koyo a aljihun wata ƙungiya, ba a ba da kowa a madadinsa ba, kuma yana ɗokin samun dama. Haka San Jose ta ɗauko Melker Karlsson daga Skellefteå ɗin a 2014, Chicago ta ɗauko David Kämpf daga Jamhuriyar Cek a 2017, dukansu suka daɗe suna aikin tsaro.

Wace wahala baƙo daga Turai yake fara cin karo da ita?

Faɗin fili. A Suwidin ya saba da mita 30, a NHL an rage masa mita huɗu. A takarda kamar ba komai, amma a fili yana nufin katanga ta matso, abokin hamayya ya iso da wuri, ɗan lokacin da kake ɗaga kai ka duba ya tafi. Wanda ya saba ya karɓi faifai ya yi tunani sai ya ji an haɗa shi da gilashi. Bugu ma daga ko'ina yake zuwa, domin kusurwar da a Turai ba a ɗauke ta da haɗari ba, a ƙaramin fili ana ci daga nan.

Sai yawan wasa. Gasar Suwidin a lokacin wasa 55 ce, NHL 82, kafin a shiga zagayen fitar da gwani. Ana buga wasa yau a wani gari, a hau jirgi cikin dare, gobe a buga a wani. Tsakanin Filadelfiya da Los Angeles akwai bambancin awa uku. Ga takardar izinin aiki, ga neman gida, ga iyali da aka ɗauko zuwa inda ba su san kowa ba.

Abin da ya fi ciwo kuma shi ne saukowa daga matsayi. Mutum ya bar garin da ake rera sunansa, ya zo ana masa kallon ɗan koyo yana dab da shekara 30.

Ashe a Suwidin yana ci? To me ya hana shi a Amurka?

Yana ci ƙwarai. A kakarsa ta ƙarshe a Skellefteå ya zura 20 a raga. A kakarsa ta farko a Filadelfiya shida ya zura, kuma har ya bar NHL bai taɓa kai 10 a kaka guda ba. Hannun nasa bai lalace ba, aikin ne aka sauya masa. Idan an rage wa abokan hamayya mutum, taurari ake turawa su ci, shi yana benci. Idan za a saki faifai a bakin ragar abokan hamayya, wani ake kira. Shi sai idan faifan na bakin ragarsu.

In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa. Wanda ya saba da tafi ba kowa ne yake yarda ya koma tare bugu da ƙwauri ba. A ganina babban abin yabo a tarihin Bellemare shi ne ya karɓi wannan matsayi da zuciya ɗaya, ya mai da shi sana'a, bai zauna yana jiran ranar da za a gane shi mai ci ne ba.

Kwalliya ta biya kuɗin sabulu ke nan?

Ta biya har da riba. Ya yi kaka uku a Flyers, aka ba shi mataimakin kyaftin. A 2016 yana cikin tawagar haɗin gwiwar ƙasashen Turai da ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Toronto, inda Kanada ta doke ta. A 2017, da aka kafa sabuwar ƙungiyar Vegas Golden Knights aka ba ta damar ɗaukar mutum ɗaya daga kowace ƙungiya, shi ta ɗauka daga Filadelfiya. Ƙungiyar da aka harhaɗa da waɗanda wasu suka saki ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley, wato kofin zakaran NHL, a kakarta ta farko. A karawar farko da Washington, Vegas ta yi nasara da 6 da 4, kuma ukun ƙarshe duk daga sahun Bellemare suka fito: Ryan Reaves ɗaya, Tomáš Nosek biyu. Washington ta ci huɗun da suka biyo baya ta ɗauki kofi.

Daga nan ya yi kaka biyu a Colorado, sannan biyu a Tampa Bay, inda ya sake kai wa wasan ƙarshe a 2022. Colorado ɗin da ya baro ce ta doke su. Kakarsa ta ƙarshe ya yi ta a Seattle, a hannun Dave Hakstol, kocin da ya taɓa horar da shi a Filadelfiya. Jimillar wasanninsa 700, adadin da babu ɗan wasan tawagar Faransa da ya taɓa kaiwa a NHL. Kofin Stanley dai bai zo hannunsa ba.

A lura da waɗanda suka riƙa nemansa. Colorado da Tampa Bay a lokacin ƙungiyoyi ne masu neman kofi da gaske, cike da taurari. Abin da suka rasa shi ne irin aikinsa.

Ana tafka asara a irin wannan ɗauka?

Ana yi, kuma misali mafi kusa yana cikin ɗakin Vegas ɗin nan. A 2017 ƙungiyar ta ɗauko Vadim Shipachyov, tauraron SKA ta birnin Saint Petersburg, a kan dala miliyan 9 na shekara biyu, don ya jagoranci ci. Wasa uku ya buga, ya zura ɗaya, aka nemi tura shi ƙaramar gasa, ya tattara ya koma Rasha. Tabbas akwai masu ci da suka zo suka haskaka, kamar Artemi Panarin da Chicago ta ɗauko a 2015 ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa. Amma mai ci yana buƙatar fili, da lokaci, da abokan sahu da suka dace da shi, kuma in bai ci ba babu wani abin da zai nuna. Mai tsaro kayan aikinsa suna tafiya da shi duk inda ya je: ƙafa, ido, da yarda ya sha wuya. Shi ya sa nake ganin ɗaukar irinsa ta fi tabbas, kuma har yanzu ba a ba ta darajar da ta kamata.

Akwai kyautar da ake ba masu wannan aiki?

Akwai Kyautar Selke, wadda 'yan jaridar wasan suke zaɓa kowace kaka. An fara ba da ita a 1978, kuma Bob Gainey na Montreal ne ya ɗauki huɗun farko. Patrice Bergeron na Boston ya fi kowa, sau shida.

Tarihinta ya ƙaryata wata tsohuwar magana. Lokacin da Börje Salming ya zo Toronto daga Suwidin a 1973, ana yi wa Turawa kallon ragwaye masu gudun karo. Sergei Fedorov, wanda ya sulale daga tawagar Tarayyar Sobiyet a Amurka a 1990 ya shiga Detroit, ya ɗauki Selke a 1994 da 1996. Jere Lehtinen ɗan Finlan ya ɗauka sau uku a Dallas, Pavel Datsyuk ɗan Rasha sau uku a jere daga 2008, Anže Kopitar ɗan Sulobeniya sau biyu, Aleksander Barkov ɗan Finlan sau uku.

Ƙorafina da ita shi ne, a yanzu sai tauraron da yake ci yake kuma tsaro ake ba. 'Yan sahu na huɗu da tsaron ne abincinsu ba sa ko kusantarta, kuma ya dace a ce masu zaɓe suna duba su.

Wane irin mutum ne a wajen 'yan uwansa?

Abu ɗaya ya isa shaida. A gasar cin kofin duniya ta 2017, a Faris, Faransa ta lallasa Finlan da 5 da 1, nasarar da ba wanda ya zata. Bayan wasa 'yan wasa suka jeru a kan ƙanƙara, aka kira sunan Bellemare a matsayin gwarzon Faransa na ranar. Ya girgiza kai, ya nuna mai tsaron ragarsu Florian Hardy, wanda ya tare bugu fiye da 40. Ya zamo zuwa wurin masu ba da kyautar ya yi musu magana, ya dage sai Hardy ya fito ya karɓa. Haka kuwa aka yi, a gaban jama'ar garinsu.

Akwai wanda ya fito daga Najeriya a wannan gasa?

Akwai. Rumun Ndur, haifaffen Zariya a 1975 wanda ya girma a Kanada, shi ne haifaffen Najeriya na farko da ya buga NHL, ɗan baya ne da ya fara da Buffalo. Akim Aliu an haife shi a Okene. Jarome Iginla, wanda ya daɗe yana kyaftin a Calgary, da Kyle Okposo, wanda ya ɗauki Kofin Stanley da Florida a 2024, iyayensu maza 'yan Najeriya ne.

Ina Bellemare ya nufa da ya bar NHL?

A kakar 2024 ya je gwaji a sansanin Colorado, ba a ba shi kwantiragi ba. Sai ya koma Turai yana da shekara 39, ya shiga HC Ajoie ta babban rukunin Siwizalan, ƙungiyar garin Porrentruy a yankin Jura mai magana da Faransanci. Ƙaramar ƙungiya ce, tun da ta hau babban rukuni a 2021 take fafutukar tsira a ƙasan teburi, kuma ta ɗauke shi ne ya riƙe mata tsakiya ya kuma ja matasanta.